Fararen Duwatsun Saje Mamman

Ranar da na tattare zane na shiga lambatun kifi a gaban babban jami'i daga Kano ba za ta taɓa fita daga raina ba. Amma fargabar da ta kai ni ga wannan rashin kunya ta girmi ranar da kusan wata biyu, don haka bari in faro daga can.

Daminar da ta biyo bayan gama yaƙin basasa da shekara guda ce kurkunu ya kama maigidana, ƙafa biyu lokaci ɗaya. Wanda ya san kurkunu ya san ba ciwon kwana uku ba ne. Sai tsutsar ta ga dama take fitowa, kana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, in ka yi gaggawa ta tsinke ka shiga uku. Shi kuwa lebura ne a tashar gwajin kiwon kifi da ke bakin kogi, nan ƙasar Ajingi, kuma dokar lebura ita ce in aka yi mako biyu ba a gan ka ba, an ba wani gurbinka. Masu jiran gurbin suna nan da yawa. Gonarmu ba ta kai mu ƙarshen bazara, aikin nan shi ne ke cike mana sauran. Ni kuma ga goyo, 'yar wata bakwai, 'yar fari, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba.

Surukata ce ta yanke magana. Ta ce, "Dije, ke za ki je ki riƙe masa wurinsa. Masu surutu su yi, ba su za su ba mu tuwo ba." Daren da zan fara ban runtsa ba. Ina tunanin in yarinyar ta yi kuka a kore ni, in na sunkuya ta suɓuce ta faɗa ruwa, in na yi kuskure a ce dama mace ce. Abu ɗaya dai na riƙe: kada gurbin nan ya ɓace a hannuna.

Ga wanda bai san tashar a wancan lokaci ba, ga yadda take. Tafki uku ne da aka haƙa, sai doguwar magudana mai bangon siminti da muke ce wa lambatu. Faɗinta taku biyu, zurfin ruwanta bai wuce gwiwa ba. Idan kogi ya kawo da damina, ana ɗaga ƙofar ƙarfe ruwa ya shigo ta kai, ya bi lambatun, ya fita ta gindi ya koma kogi. A nan ake renon 'ya'yan karfasa har su kai tsawon yatsa, sannan a mayar da su tafki, daga baya a raba wa ƙauyuka su zuba a kududdufansu.

Shugaban wurin shi ne Malam Sabo, malamin kifi, saurayi ne da ya yi makarantar aikin gona, yana zuwa daga Gaya a kan babur. Ƙarƙashinsa akwai heluma, wato shugaban leburori, Saje Mamman, wanda ya dawo daga soja da gashin baki da usur. Sai Baba Kyari, tsohon masunci, Babarbare, shi ne mai gadi kuma mai kula da ƙofar ruwa. Sai mu leburori shida. Aikina shi ne ba kifi abinci sau uku, da hantsi da azahar da la'asar: dusa da garin ƙuli-ƙuli, a auna da gwangwani. Doka ɗaya ce ba a taɓawa: ba a sassauta ƙofar ruwa. Shekarar da ta gabata ruwa ya taɓa tsayawa kifi suka mutu tas, tun daga nan Malam Sabo yake ganin ruwa mai gudu shi ne lafiyar kifi.

Makonnin farko sun tafi lafiya. Baba Kyari da ya ji uwata Bafulatana ce daga Toranke, shi ke nan na samu abokin wasa. Kullum da safe sai ya ce, "'Yar Fillo, an bar shanu an dawo kiwon kifi? Kada dai ki ce za ki tatse su." Ni kuma in ce, "Baba, in na tatsa ai kai za ka fara miƙo ƙwarya."

Ranar wata Litinin takarda ta iso daga ofishin Gaya cewa babban jami'i zai zo rangadi nan da mako uku. Tun da aka kafa tashar ba a taɓa irin wannan baƙo ba. Saje ya busa usur, muka yi sahu, ya bi hanyar da ta taso daga ƙofar shiga zuwa ofis yana girgiza kai.

"Tashar gwamnati babu farin dutse a bakin hanya? A bariki ko bishiya sai an sa mata farar safa!"

Baba Kyari ya ce, "Saje, ƙasar nan yashi ce zalla. In ka samu dutse, ni ma ka ɗebo mini uku in yi murhu."

Gaskiya ya faɗa, wajenmu sai ka yi tafiyar yini ba ka yi tuntuɓe da dutse ba. Duwatsun da ke tashar kaf su ne ragowar waɗanda mota ta kawo wa magina, da suka gama aiki suka bar su zube a cikin lambatu. Wani kamar kan mutum, wani kamar tulu. Can idon Saje ya faɗa. Kafin azahar an tsamo su duka, talatin da huɗu, an kankare gansakuka, an shafe su da farar ƙasa, an jera su dama da hagu. Lambatu kuma aka share shi ya zama sumul kamar cikin akushi. Wallahi wurin ya yi kyau, ni ma na yaba. Kullum da safe Saje sai ya bi su yana ƙirgawa, hannu a baya, kamar mai duba fareti.

Shi ma Malam Sabo ya kawo tasa dabarar. Ya sa aka yanka lambatun da ragar waya aka yi ɗaki goma. Ya zaɓi kifin da suka fi girma da kyan gani, ya sa uku-uku a kowane ɗaki, don baƙo ya gan su sarai, ya ga kowane na da fili. Sauran kuwa, ɗaruruwa, ƙanana da ba su cika ido ba, aka tattara su can gindin lambatu wuri ɗaya, aka kafa zana aka kare su. Saje ya sa musu suna 'yan tarkace.

Kwana goma da yin haka, zaɓaɓɓun nan suka fara zubewa. Kai ya yi girma, jiki ya shige, ka ce an matse su. Da farko na zaci ruwa ke kwashe abincin kafin su kama. Sai na riƙa kwaɓa shi ina dunƙulawa kamar fura, in sa a 'yar tasa in nutsar a kowane ɗaki. Suna ci, ina gani da idona, tasa na komawa fayau. Amma rama ba ta tsaya ba. Ranar kwana goma sha biyu na tsamo biyu sun mutu, sun manne a jikin raga.

Washegari a sahu Saje ya zagayo ta bayana ya tsaya.

"Ikon Allah! Kifin gwamnati na ramewa, goyon lebura na ƙiba. Mai goyo, me kike ba ta ne haka?"

Na ce, "Nono ne, Saje."

"Nonon ƙuli-ƙuli?"

Leburori suka fashe da dariya. Ni ma na yi yaƙe. Yarinyar dai kumatu gare ta tun haihuwa, amma wa zai tsaya jin wannan? Tun ranar na daina zuwa da ƙuli a ƙunshin abincina, rogona nake ci gaya. In zan auna abincin kifi sai na kira Baba Kyari ya tsaya a kaina. Duk da haka in na wuce sai in ji ana tari.

Da yamma Malam Sabo ya kira ni bakin ofis. Bai ɗaga murya ba, shi ba mai faɗa ba ne. Ya ce, "Dije, ni ban ce kin ɗauki komai ba. Amma in baƙon nan ya tambaye ni dalili, dole in ba shi dalili, kuma ke ce mai ba su abinci. Kin gane?" Na ce na gane. A gida maigidana ya tambaye ni yaya aiki, yana kwance ƙafa a kan matashi, na ce masa lafiya lau.

To, akwai abin da ya bambanta ni da sauran ma'aikata: ni kaɗai ce ke shiga bayan zanar nan in zauna. Ba don aiki ba, don nan ne kawai zan ba yarinya nono ba a idon maza ba. Ranar da ta biyo baya, bayan abincin azahar, na zauna a bakin siminti na zura ƙafafuna cikin ruwa saboda zafi, tana tsotso ni kuma ina lissafin yadda zan gaya wa surukata. Sai na ji wani abu na sosa mini ƙwauri. Na duba. 'Yan tarkace ne suka taru a bayan ƙafafuna, ta ɓangaren da ruwa ke wucewa, sun yi lamo. Na ɗaga ƙafa ɗaya, suka watse suka koma cikin 'yan'uwansu. Na mayar, suka dawo.

Daga nan na bar tunanin surukata na shiga kallo. Abu na farko, 'yan tarkacen nan sun yi ɓul-ɓul, har sun kusa kamo zaɓaɓɓu. Na biyu, ba a hargitse suke ba kamar yadda na ɗauka. Duk sun fuskanci inda ruwa ke fitowa, kuma ba wanda ke bin bayan wani sak. Kowane yana ɗan gefe, a tsakanin biyun da ke gabansa. Na gaba-gaba wutsiyarsu na kaɗawa da sauri, na tsakiya kuwa a hankali, kamar ba su damu ba. In na kafa wa na gaba ɗaya ido, ba a jimawa sai in ga ya saki jiki, ruwa ya ja shi baya ya shige cikin taro, wani ya fito ya maye wurinsa. Ba mai busa musu usur, amma aikin na zagayawa.

Na saɓa yarinya na fito na leƙa ɗakunan zaɓaɓɓu. Su ukun nan kowane na can nasa wuri, ɗakin ya yi musu yawa, ƙasa sumul, babu abin fakewa. Wutsiyarsu kamar luguden 'yan mata ranar biki, ba tsayawa. Na cikin taro kuwa dakan tsohuwa suke yi, a buga ɗaya a huta. Na tsaya har inuwa ta juya, ban ga ɗayansu ya huta ko sau ɗaya ba. In ya tsaya, ruwa zai maka shi a jikin raga, inda na tsamo biyun nan.

Sai na tuna muna yara, in za mu ƙetare kogi da ƙafa lokacin da ruwa ya fara kawowa. Babanmu ne ke tsayawa ta sama, inda ruwa ke bugowa, mu da Inna da kaya muna ta ƙasansa. A gefensa ruwan sai ka ji ya yi laushi. In ka kuskura ka fita daga inuwar jikinsa taku ɗaya, nan take za ka ji ana fizgar ƙafarka.

Na ruga wajen Baba Kyari na zayyana masa. Ya saurare ni yana gyaran komarsa ta kamun kifi, sannan ya ce, "Yau 'yar Fillo ta gano abin da kowane masunci ya sani. In ina neman kifi a ruwa mai gudu, bayan kututture nake jefawa. Kifi ba wawa ba ne, ba ya son wahala."

"To Baba, don me ba ka faɗa ba ranar da ake kwashe duwatsun?"

"Wa ya tambaye ni? Ni ƙofa aka ba ni."

Na sami Malam Sabo na ce, "Malam, ina ganin kifin nan ba yunwa ke damunsu ba, gajiya ce." Ya saurara da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ya ce abin da aka koya musu shi ne cunkoso ke hana kifi girma, fili kuwa ke sa shi ƙiba. Ya ce ƙila na bayan zana suna samun abincin da ruwa ya gangaro da shi ne. Na ce ai tun da na koma tasa babu abin da ke gangarawa. Ya dubi duwatsun Saje, ya dubi kwanakin da suka rage, saura biyar. Ya ce, "Bari baƙo ya zo ya tafi tukuna."

In baƙo ya zo ya tafi ai ni ma na tafi. Washegari na ɗauko wani fasasshen tulu daga bayan ɗakinmu na kifa shi a ɗaki na huɗu. Kafin in miƙe kifin nan uku sun shige bayansa. Ban gama murna ba na ji usur.

"Kasko! Kasko a lambatun gwamnati, saura kwana huɗu rangadi! Mai goyo, nan bayan gidanku ne?"

Ya sa aka tsamo shi aka jefar bayan shinge.

Ranar Litinin da hantsi motar baƙon ta iso, ta yi kaca-kaca da taɓo. Saje ya sha kakinsa na soja har da lambobi, mu kuma muna sahu. Baƙon ya fito, wani gajeren dattijo mai tabarau da sanƙo, takalminsa na ƙyalli. Ya amsa gaisuwa, ya bi ta tsakiyar fararen duwatsun nan bai ko dube su ba, ya zarce bakin ruwa. Na ga gashin bakin Saje ya ɗan sauka.

Ya tsuguna a ɗaki na farko, ya matsa na biyu, na uku. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Malam Sabo, waɗannan kifi ne ko ƙaya? Wa ke ba su abinci?"

Kafin Malam Sabo ya buɗe baki Saje ya ƙame. "Ga ta nan, ranka ya daɗe. Matar lebura ce, riƙon ƙwarya take yi. Abincin dai ana fitar da shi daga sito cif-cif. Inda yake zuwa bayan nan, Allah ne masani."

Kowa ya juyo. Yarinya ta zaɓi wannan lokaci ta fara ƙananan kuka. Na durƙusa, duk maganar da na shirya ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ranka ya daɗe, suna ci. Gajiya ce."

"Gajiya? Noma suke yi?"

Aka yi dariya. Na san in na tsaya bayani ba zan iya ba, ga manya, ga maza. Sai na gyara goyo, na ƙara ɗaure majanyi, na tattare zane zuwa gwiwa, na taka siminti na dira cikin ɗaki na uku. Na ji wani lebura ya ce, "La ilaha illallahu!" Saje ya kai usur baki, baƙon ya ɗaga masa hannu.

Na haɗa ƙafafuna na tsaya cik, ina addu'a a zuci kada kifin nan su kunyata ni. Da farko suka tsorata suka manne a kusurwa. Ruwa na bugun ƙwaurina, yarinya na cusa mini hannu a wuya, ni kuwa ina jin idanu a bayana kamar rana. Can sai ɗaya ya matso, ya shige bayan ƙafata ta dama. Na biyu ya bi. Na ukun ya ɗan yi gardama, shi ma ya zo. Suka jeru, wutsiyar da ke lugude ta koma lilo a hankali.

Baƙon ya matso har gwiwar wandonsa ta taɓa laka. Ya kwance agogon hannunsa ya riƙe, yana duban kifi yana duban agogo, leɓensa na motsi. Ya koma ɗaki na huɗu inda ba wanda ya tare wa kifin ruwa ya sake yin haka. Ya ɗago.

"Malama, wa ya koya miki wannan?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Na bayan zana na gani."

"Wace zana?"

Malam Sabo ya sunkuyar da kai. Aka yaye zana, ga 'yan tarkace ɗaruruwa sun yi sahu a cikin ruwa, sumul-sumul, suna ta sauya na gaba. Dattijon ya daɗe a tsugune a wurin, har direbansa ya gaji ya zauna. Da ya miƙe sai ya ce wa Malam Sabo, a hankali ba da tsawa ba, abincin da kifi ya ci hanya biyu gare shi, ko ya zama tsoka ko ya tafi wajen iyo. Wanda ke fama da ruwa shi kaɗai dare da rana, duk abin da ya ci a iyo yake ƙarewa. Na cikin taro kuwa na gaba na fasa masa ruwa, kuma kaɗawar wutsiyar maƙwabcinsa na barin wani ɗan juyi da yake hawa ya huta. Ya ce cunkoso na da illa in ruwa a tsaye yake, wannan gaskiya ne, amma ruwa mai gudu hukuncinsa daban.

Sannan ya waiwaya. "Ba za mu bar baiwar Allah a tsaye cikin ruwa har kaka ba. Babu dutse a tashar nan?"

Baba Kyari ne ya yi gyaran murya ya ce, "Akwai 'yan kaɗan, ranka ya daɗe. Suna fareti."

Saje da kansa ya je ya rungumo ɗaya, farar ƙasa na zuba a kan kakinsa. Zai sake shi cikin ruwa ke nan na ji bakina ya ce, "Saje, a wanke shi tukuna, farar ƙasar za ta dame su." Na faɗa kafin in yi tunani. Ya dube ni, ya dubi baƙo, ya juya ya nufi bakin kogi da dutsensa.

Kada ku ɗauka a nan aka wanke ni. Baƙon ya ce ido ɗaya da yini ɗaya ba sa yanke hukunci a aikin gwaji. Ya ba da umarni: ɗaki biyar na sama a bar su yadda suke, biyar na ƙasa a cire ragar tsakaninsu a haɗe kifin, a ƙara musu wasu daga 'yan tarkace, a mayar da duwatsu. Abinci kuma Saje ne zai auna da hannunsa, ni in zuba a gabansa. Bayan mako biyu Malam Sabo ya auna su ya aika masa da sakamako. Ya ce, "In duka suka ci gaba da ramewa, sai mu nemi wani dalili. In duka suka yi ƙiba, to da ma abincin ne ba ya isa gare su, kuma Malama za ta amsa tambaya."

Mako biyun nan ban ci abinci da daɗi ba. Kullum sai na leƙa na sama ina roƙon Allah, abin kunya, kada su yi ƙiba. Saje na auna gwangwani yana share bakinsa da yatsa kamar mai sayar da gishiri. Ran kwana na tara na ga ya daɗe a tsaye a kan na ƙasa, hannu a baya. Ran sha huɗu Malam Sabo ya kawo sikeli da bokiti. Ba sai an duba allura ba: na ƙasa sun ciko, har waɗanda suka zama ƙaya sun fara mayar da jiki, na sama kuwa ƙarin ɗaya ya mutu, sauran na nan jiya i yau.

Washegari a sahu Saje ya busa usur ya ce, "Duk wanda na sake ji yana tari in Malama Dije ta wuce, zai share tafki uku shi kaɗai." Ran nan ya fara kama sunana. Iyakar ban-haƙurinsa ke nan, ni kuma na karɓa. Sauran duwatsun ma shi ya jagoranci mayar da su, yana nuna inda za a ajiye kowane, don ko a cikin ruwa bai yarda su zauna babu tsari ba.

Maigidana ya miƙe bayan an yi girbin gero, ya tarar da gurbinsa na jiransa. Ni kuma da takarda ta dawo daga Kano, sai ga shi an ce a ɗauke ni a matsayin mai renon ƙananan kifi. Yau shekara biyar ke nan, goyo na uku nake yi a bakin lambatun nan, kuma har yanzu in za a zo rangadi ba na barci sosai.

Malam Sabo ne ya ce in rubuta wannan saboda ku da aka ɗauka bana. Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba mugu ne ke kashe kifi ba, yawanci mai son a yaba masa ne. Saje tsabta yake so, Malam Sabo fili yake so ya ba su, dukansu da kyakkyawar niyya, kuma da an kore ni da ba wanda zai san an yi kuskure. Baba Kyari ya san amsar tun ranar farko, ba a tambaye shi ba.

Don haka ga roƙona. In an sa ku share lambatu, ku kwashe ganye da laka, ku bar duwatsun inda kuka same su, kuma kada ku raba ƙananan kifi da 'yan'uwansu don su yi kyan gani. In kuwa kun ga kifi na ramewa, don Allah kafin ku kai sunan wani ofis, ku samu wuri a bakin ruwa ku zauna, ku dube su tukuna.